Ƙafar Da Za Ta Taka Birki

Daga mahaifinka, Isiyaku dillali, zuwa ga ɗana Sabi'u.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka a zaune, ba a bayan sitiyari ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kau da idon mugu daga motarka, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka. Innarka na gaishe ka. Ita na sa ta cusa takardar cikin jakarka, don na san in da hannuna na miƙa maka, "To, Baba" za ka ce, ka ninke ta ka sa aljihu, daga nan sai wurin mai wanki.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka bar shi. Da yabo zan fara, don ka cancanta.

Kai namiji ne, Sabi'u, irin na garin nan sak. Mu mutanen Birnin Gwari Allah ya yi mana baiwar da ban ji ya yi wa wasu ba: ba ma ciwo. Za ka tarar da mutum yana bin bango a karkace, ka ce masa yaya jiki, ya ce ai garau yake, takalmin ne ya matse shi. Ana jin harbi daga bayan gari, ya ce maka mafarauta ne. Ranar da ya faɗi, sai mu taru a ƙofar gidansa muna cewa, "Allahu akbar, jiya fa muka gaisa, lafiyarsa ƙalau." Tun da nake ban taɓa ganin an binne mara lafiya a garin nan ba. Masu lafiya kawai muke binnewa.

Kai ma ka gaji baiwar, har ka fi mai ita. Ranar da Alhaji Sale mai motoci ya damƙa maka makullin babbar motarsa, aka ce Kaduna za ka koma da zama kana zuwa ɗaukar hatsi, ina tsaye a rumfata ina kallonka. Ka zagaya kasuwa da ita, ka danna hon, abokanka suna ihu. Kowa motar yake kallo, ni kuwa ƙafarka ta dama nake kallo. Da ka zo sauka, ta hagu ka fara saukewa, sannan ka sa hannu ka ɗago ta daman kamar mai sauke kayan wani. Ka bubbuga ta a ƙasa don ta farfaɗo. Sai ka zaga bayan mota wai za ka duba taya, ka ɓare ƙwaya ka jefa a baki, ka kora da lemon gwangwanin nan na masu ƙin barci. Da ka iso rumfa na ce, "Lafiya dai?" Ka ce, "Lafiya lau, Baba." Madalla. Ko ni da na shekara aru-aru ina faɗinta ban fi ka iya ta ba.

Yabo ya ƙare nan.

Ƙafar da ke mutu maka ita ce ta birki, ita ce ta totur. Hanyar da za ka riƙa bi kuwa ba sai na kwatanta maka ita ba. Ka san yadda mota ke yin tsit in aka bar shingen ƙarshe aka shiga daji: mai surutu ya haɗiye maganarsa, mai carbi ya ƙara sauri, mai goyo ta toshe bakin ɗanta da nono. A wajen nan, in 'yan daji suka ɓullo daga ciyawa da bindigogi, direba ba shi da lokacin tsayawa ya tashi ƙafarsa daga barci. Ko ya taka ya wuce, ko ya ci birki ya juya, kuma duk biyun da ƙafa ɗaya ake yin su. Wannan ne ya hana ni sakat tun ranar.

In na yi maka wa'azi ba za ka ji ba. Bari in ba ka tarihin bayana, ka ɗauki abin da za ka ɗauka.

Kafin in zama dillali ɗan dako ne ni. Na taɓa makaranta, na iya karatu da rubutu, amma buhu ne ya fara ciyar da ni. A lokacin ƙa'ida ita ce mutum biyu su ɗaga buhu su aza wa na uku. Ni na ga wannan raini ne. Wata ranar kasuwa, masu tallar fura na zaune suna kallo, na sunkuya ni kaɗai, ƙafafu a miƙe, na fizgi buhun dawa daga ƙasa ina murɗa ƙugu. Na ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayana. Ka san me na yi? Murmushi. Na kai buhun har mota, na dawo na ɗauki wani, don kada a ce. Yarinyar da na yi don ita ko ɗago kai ba ta yi ba, ludayinta take wankewa. To ka riƙe wannan: duk abin da za ka yi wa jikinka don kada a ce, masu cewar za su tashi su tafi gida, kai za a bari da shi.

Wancan ciwon yana zuwa yana tafiya, na iya zama da shi. Wanda ya karya ni daban ne, kuma ko ɗigon jini bai fitar ba.

Kana ƙarami lokacin. Na je sayen masara ta wajen Gwaska, muna dawowa a saman lodi da rana tsaka, sai harbi ta gaba. Ban san yadda na diro ba. Na dai tsinci kaina cikin gonar dawa, rub da ciki, bakina cike da ƙasa. Mashinansu na zagayawa, su yi nisa, su dawo. Cinnaka na cizona ban isa in motsa ba. Can gefe wani yana kiran uwarsa, yana kira, har ya daina. Na ɗauke numfashi don kada ganye ya motsa, kuma haka na kwanta har rana ta karkata. Da na iso gida aka yi ta zuwa barka, ana cewa Isiyaku ya auna arziki, ko ƙwarzane babu.

Kuskurena shi ne na yarda da su. Na ɗauka tunda ba jini, ba rauni. Ashe ni na dawo gida, jikina bai yarda an gama ba. Kafaɗuna suka hau suka zauna kusa da kunnuwana. Muƙamuƙina ya ɗaure, har na fasa haƙorina na ciki ba tare da na tauna komai ba. Mashin in ya wuce bayan rumfa, sai in ji bayana ya ƙulle kamar an ja igiya. Gajiya kuwa, in tashi da safe kamar wanda ya wuni yana huɗa. Tsohon ciwon ƙugu ya samu abokin zama, suka haɗa kai. Kai ma kana da naka rabon, kada ka ce mini babu. Shekarun da ka yi kana bin motar wani a hanyar nan kafin ka sami taka, ka ga abin da ka gani. Na lura da yadda kake cin tuwo a tsaye, fuskarka na kallon ƙofa.

Daga nan na faɗa hannun mai tebur na bakin tasha, wanda nake zaton yanzu ɗansa ne ke sallamarka. Ya ba ni ƙwaya ya ce, "Malam, wannan ko raƙumi ya sha sai ya yi rawa." Bai yi ƙarya ba. Kwanakin farko na zama saurayi. Ina ciniki, ina dariya, ina ɗaga abin da ba a sa ni ba. Sai guda ta daina isa. Sai na zama in ban sha ba hannuna na rawa a kan mudu.

Wata rana ina tsaka da cika baki ga wani baƙo a kan wake, sai Ɗan'azumi mai awo, maƙwabcin rumfata, ya ce, "Isiya, wa ya yanka kaza a rumfarka bai gayyace mu ba?"

Na ce, "Wace kaza kuma?"

Ya ce, "Dubi ƙasa, sarkin ƙarfi."

Jini ne, layi guda tun daga inda ake sauke kaya har inda nake tsaye. Ƙusar katako ta huda silifana ta shige tafin ƙafata, na yi ta yawo da ita, ban ji komai ba. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma da na zauna ana cire ta, gumi ne ya karyo mini, don na gane abin da nake saye a tebur ɗin nan. Ba lafiya nake saye ba. Kurumta nake saye, don kada in ji abin da jikina ke faɗa. Ni ƙusa ce ta same ni, a cikin kasuwa, ga jama'a. Kai abin da ba za ka ji ba birki ne, a tsakiyar daji, da lodi a bayanka.

Ban yi hankali nan take ba, kada ka zaci na yi. Na je wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar faifai. Shi ya yi abin da ya sani, na ɗan ji sanyi, ciwon ya dawo. Aka kai ni wurin wani ƙato a tasha wai yana gyaran baya; ya kwantar da ni ya hau da ƙafafunsa yana taka ni kamar mai kwaɓa ƙasar gini, yana cewa in na ji ƙara to ya shiga. Na ji ƙara kam. A mota aka maido ni gida. Daga nan tsoro ya kama ni, na ce to ba zan ƙara motsi ba. Na kwanta, na zama sai an miƙo mini buta. Wannan ya fi duka muni, domin jikin da ba ya motsi daskarewa yake yi, ga kasala, ga baƙin rai. Innarka ta sha faɗan da ba ta san dalilinsa ba. Salla ma a zaune nake yin ta, ni da ban kai shekarun haka ba. Don haka kada ka bari wani ya hau bayanka, kada kuma ka bar shi ya kwanta ya ruɓe. Tsakanin biyun akwai hanya, kuma a bakin mace na ji ta.

Ka san Sista Rifkatu, tsohuwar ma'aikaciyar asibitin nan 'yar kudancin Kaduna, wadda ta riga ka zama 'yar gari. Lokacin na fara lallaɓowa kasuwa, ta zo sayen masarar kajinta. Ta tsaya tana kallon yadda nake sunkuyawa kamar mai tsoron kada ya fashe.

Ta ce, "Malam Isiya, yaushe rabonka da ka sauke kafaɗun nan?"

Na ce, "Sista, nan Allah ya ajiye su."

Ta ce, "Na karɓi haihuwa ba iyaka, ban taɓa ganin wanda ya fito da kafaɗa a kunne ba. Ka zo gida da safe. Maigida na nan, akwai wasu maza irinka da ke zuwa."

Na tambaye ta allura ce ko ƙwaya. Ta ce ba ko ɗaya, motsa jiki ne a hankali tare da numfashi, ta koyo shi a wani kwas tun tana aiki, don masu ciwon da ya ƙi tafiya. Sunansa yoga.

Na ja da baya na ce, "A'a, Sista. Ba abin Indiyawan nan ba ne, da suke naɗe ƙafa suna rufe ido? Ni Musulmi ne."

Ta ce, "Ni ma ina da cocina. Ƙwayar da kake haɗiya a bayan rumfa, juya kwalin ka ga inda aka yi ta. Ban ji ka tambayi addininta ba."

Ka ga inda aka kama dillali da bakinsa. Duk da haka sai da na sami liman na unguwarmu na yi masa bayani. Ya ce akwai wanda ake kira a ciki? Na ce ta ce babu. Akwai abin da ake rusunawa? Na ce babu, bango ne da tabarma. Ya ce, "To miƙa ce. Je ka yi miƙarka. In ka ga abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka bar shi. Mu dai mun gaji da ganinka a zaune a ƙarshen sahu."

Kafin ta taɓa koya mini komai sai da ta tura ni asibiti aka duba bayan, aka ɗauki hoto, aka ce ba abin da zai hana. Ka lura da wannan, zan dawo kansa.

Ranar farko na je da shirin gumi, har da tawul. Na tarar da maigidanta, tsohon malamin makaranta, da wasu dattawa, kowa kwance a tabarmarsa a zaure kamar an yi musu duka. Ta ce in kwanta rigingine, in tanƙwara gwiwoyi, in ɗora hannu a ciki. Na yi. Na jira a fara. Ta ce ai an fara.

Can ta ce, "Malam Isiya, cikinka ba ya motsi. Numfashin mai ɓuya kake yi. Wa kake ɓoye wa?"

Ban taɓa gaya mata zancen gonar dawa ba, amma a garin nan ba sai an gaya wa mutum ba. Ta ce in ja iska ta hanci har hannun ya ɗaga, in sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Ina cikin lalube, sai mashin ya taho ta lungun da gudu. Wallahi, Sabi'u, ban san lokacin da na miƙe ba. Na gan ni a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a hannu, zuciyata kamar ta fito. Ba wanda ya yi dariya. Maigidan nata, yana kwance bai ko buɗe ido ba, ya ce, "Kai ka yi ƙoƙari. Ni ranar farko har da tabarmar na gudu."

Sista ta ce, "Dawo ka kwanta. Mai kai yara makaranta ne. In wani ya sake tahowa, kada ka yi kamar ba ka ji ba. Saurare shi, kana fitar da numfashi, har ya wuce."

Wani ya taho. Na saurare shi. Haƙorana na haɗuwa, ina fitar da iska kamar mai hura wuta da ɗanyen itace. Ya wuce. Ba abin da ya faru. Sai na ji wani abu ya saki a tsakanin kafaɗuna, ruwa ya gangaro mini ta gefen ido har cikin kunne. Na ce musu ƙura ce. Suka ce ai zauren akwai ƙura.

Sauran abubuwan da ta koya mini, in ka gani za ka raina su. Ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji kana kwance, ka riƙe, ka sake, ka jawo ɗayar. Ka kwantar da gwiwoyin biyu gefe guda a hankali, ka maido, ka kai ɗaya gefen. Ka durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ka ɗaga gadon baya kamar kyanwa ta tashi barci, ka sauke shi tare da numfashi. Ka kwanta kusa da bango ka jingina ƙafafu a sama, ka bar su su huta. Akwai guda da ake kifa goshi a ƙasa, na ce mata wannan ya yi mini kama da sujada, ba zan yi ba. Ta ce in bar shi, ta ba ni wani a madadinsa. Dokarta ɗaya ce, kuma kullum sai ta maimaita: ka tafi har inda ka fara jin ja, ka tsaya kafin zafi. Da ta ga ni ɗan kasuwa ne sai ta ce, "In jiki ya miƙo maka mudu, karɓi rabi, ka bar masa rabi."

Nan ne na yi wautar da ta fi kowace, kuma irin tamu ce ta 'yan kasuwa. Ni tunda nake ban taɓa barin rabin mudu a hannun kowa ba. An auna mini, sai na ce a cika. An cika, sai na ce ina gyara. Da na fara jin sauƙi, na yi ruku'u ba tare da na dafa bango ba, sai lissafin dillali ya motsa: in kaɗan ya yi wannan, mai yawa fa? Matar nan jan rai take yi, irin na ma'aikata. Na koma gida na rufe ɗaki. Abin da ta ce a yi da safe, na yi shi safe da rana da yamma. Inda ta ce a tsaya, nan na fara. Har igiyar ɗaure buhu na samo, na zarga a tafin ƙafa ina ja da ƙarfin tsiya, zafi na tsarga mini har ƙeya, ina ce wa kaina ai shi ne alamar yana aiki.

Ana tsakiyar kaka, lokacin da dillali ke samun abin shekara, na sunkuya zan ɗauki buta, na kasa miƙewa. A haka Innarka ta same ni, a lanƙwashe. Kasuwar kakar nan a kwance na ji labarinta.

Sista ta zo dubiya. Ta gaisa da Innarka, ta zauna, ta hango igiyar a ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Gyara ka nema ko?"

Na ce, "Ɗan ƙari dai na yi."

Ta ce, "Jiki ba ya ba da gyara, Malam Isiya. Ka yi shekaru kana yi masa dole, da buhu, da ƙwaya, da ƙaton tasha. Na ba ka abu ɗaya da ba dole a ciki, shi ma ka mayar da shi dole. In ka tashi za mu koma farko, wurin numfashi. Igiyar kuma a mayar wa buhu."

Muka koma farko. Wannan karon na karɓi rabin muduna na yi shiru. Ita ce kuma ta haɗa ni da wani ma'aikacin asibiti ya yaye ni daga ƙwayar sannu a hankali, don ta ce yanke ta rana ɗaya na da nasa haɗarin. Ban ji daɗin yayen ba, ba zan ɓoye maka ba.

Ba zan yi maka tallar dillali ba. Ban warke ba. Ciwon na nan, muna zaman maƙwabtaka. In hadari ya haɗo ko aka kwana biyu ana jin labari mara daɗi daga ƙauyuka, yakan leƙo. Amma ina salla a tsaye, ina wuni a rumfa, kuma in na taka ƙusa yau zan yi ihun da za a ji a tasha.

Yanzu ga naka. Kafin ka hau mota, ka sami gefe ka shimfiɗa tabarma, ka yi abubuwan nan da na lissafa, gwargwadon lokacin da shayi zai sha iska. In ka sauka ma haka, kafin ka nemi abinci. Direbobi za su yi maka dariya, za su ce ɗan Isiyaku ya fara rawar kyanwa. Bar su. Ka dubi yadda manyansu ke saukowa daga mota, ka ga ko akwai wanda kake sha'awar tafiyarsa. A kan hanya, ka riƙa duba kanka kamar yadda kake duba madubi: haƙora a cije suke? Saki. Kafaɗa ta hau? Sauke. Sitiyarin ba guduwa zai yi ba, ba sai ka shaƙe shi ba. Cire abin da ke aljihunka na baya, kada ka zauna a kansa. In an shiga daji, kada ka ɗauke numfashi kamar yadda kowa ke yi; fitar da shi a hankali, ido da kunne sun fi aiki a haka. Amma ko bayanka zai tsage, kada ka tsaya miƙa a cikin dajin nan. Ka kai gari tukuna. Ban koya maka wannan don a same ka a gefen titi ƙafa a sama ba.

Sai maganar ƙafar, wadda ita ce dalilin takardar. Na je wurin Sista na ce wani yaro ne na sani, ƙafarsa na mutuwa in ya daɗe a zaune. Ta ce, "Sabi'u ko? Na gan shi yana saukowa." Ka ji, abin da kake ɓoyewa a bayan mota har masu sayen masarar kaji sun gani. Ta ce ciwon baya daban, ƙafar da ke mutuwa daban. Wannan ba aikin tabarma kaɗai ba ne, wataƙila jijiya ce ta matsu, sai likita ya duba kafin a san wane motsi ya dace da kai da wanda zai ƙara ɓata ta. Ta ce in ƙafar ta fara rauni, ko fitsari ya fara yi maka gardama, ko ya kufce maka, to ranar ba ranar lodi ba ce, ranar asibiti ce. Ga ka a Kaduna, asibitoci sun fi shagunan shayi. Ka je kafin ka ɗauki lodin farko. Ka faɗa musu har zancen ƙwayar, da yawan da kake sha, ba yawan da za ka gaya mini ba. In sun ce hutu, ka sami Alhaji Sale da bakinka ka gaya masa, ko ya haɗa ka da wani direban ku riƙa karɓa-karɓa har ka samu kanka.

Na san abin da kake tsoro. Direbobi na nan a tasha suna hamma, suna jiran makullin nan ya faɗi. Ka daɗe kana jiran ranar nan, kuma kana ganin in ka buɗe baki ta tafi. Tana iya tafiya, ba zan ce maka a'a ba. Amma ba kai kaɗai ne a motar ba. Ka san in ka taso daga nan, matan ƙauye da tsofaffi za su roƙe ka su hau saman lodi don babu wata motar, kuma ba za ka iya hana su ba, don ba a haka na rene ka ba. Ni na taɓa zama a saman lodin nan. Wanda ke can sama ba abin da yake da shi sai addu'a da ƙafar direba.

Allah ya ba ka lafiya mai amfani, ba irin ta bakin mutanen garinmu ba. Allah ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya makantar da 'yan daji daga hanyarka, ya sa ka shiga lafiya ka fita lafiya, kai da duk wanda ka ɗauka. Allah ya yi maka albarka. Innarka ta ce amin, ta ce kuma ka riƙa cin abinci a zaune.

Saura abu ɗaya. Bayan ka tafi haɗa kaya, Alhaji Sale ya biyo ta rumfa. Ni na tsaya maka a wurinsa, ka sani. Ya ce, "Isiya, yaron naka garau yake ko? Hanyar nan ba ta son mai ƙwaya, ba ta son mai rauni." Na ce masa, "Alhaji, ga shi nan kamar yadda ka gan shi." Amsar dillali ke nan, ba ƙarya a ciki, ba gaskiya a ciki. Ya dube ni, ya ce za mu ƙarasa maganar ran kasuwa mai zuwa. Alhaji ya daɗe yana sayen hatsi a hannuna, kuma ya san buhun da na ce masa "kamar yadda ka gan shi" ba buhun da nake so a zazzage ba ne. Daga yau zuwa ranar, ko dai in ji daga bakinka cewa likita ya ga ƙafar, ko kuwa in tsaya gabansa da abin da idona ya gani.

To kai da kayanka, gaya wa dillali: in sayar da kai a ɗinke, ko in ce masa ya kwance bakin buhun?